Mai Wasa Ƙarfe a Limoilou

Shekara arba'in da ɗaya ina wasa ƙarfe
don wasu su yi wasa.
Miƙo takalmin, yaro, in ga bakinsa.
Ka taka siminti da shi. Kada ka yi musu,
ga shaidar nan a kaifi.

Rediyon saman kanta ya sake tono zancen:
wai za a ƙara ƙungiyoyi a babbar gasar hoki,
wane birni za a ba?
Suka kira Houston. Suka kira Atlanta.
Mu mutanen Kebek sai can bayan talla,
kamar baƙon da aka tuna an riga an wanke kwanuka.

Atlanta!
Sau biyu ana ba su, sau biyu tana suɓuce musu.
Mu sau ɗaya aka ɗauke tamu,
a casa'in da biyar, aka kai ta Denver,
shekara na zagayowa ta ci kofi.
Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.
Daren nan Jeannine ta ninke shuɗiyar rigarta,
ta sa a ƙasan akwati,
har ta bar duniya ba ta sake ɗauko ta ba.

Maƙwabcina Ghislain Vachon, akanta ne,
kullum da kofin shayinsa da alƙalumansa.
Ya ce, Ovila, ƙirga kawuna.
Mu da ƙauyukanmu ba mu cika miliyan ɗaya ba,
dalarmu kuma ba ta kai tasu nauyi.
Sannan wa zai kashe kuɗi yana wa'azi
ga wanda ya riga ya yi imani?
Ko da ƙungiya ko babu, kana gaban talabijin.

Na ce ya fita, iska na shigowa.
Gaskiyarsa ce ta fi iskar sanyi.

Amma ya je ya ga filin da muka gina,
kujera dubu goma sha takwas.
An ce ba a fafe gora ranar tafiya.
Mun fafe, mun cika ta, mun rataya,
tafiyar ce ta ƙi zuwa.
Ya zaga unguwa cikin Janairu, ƙarfe ɗayan dare,
ya ga ubanni riƙe da tiyo a bayan gida,
gemu ya daskare,
suna ba ƙanƙara ruwa kamar mai ban ruwan lambu,
don yara su tashi su tarar da santsi.
Wane littafin lissafi ke da gurbin wannan?

To, ga inda ƙaya ta soke ni.
Ɗana Rémi aiki ya kai shi Houston.
'Yarsa Noémie, shekararta bakwai,
tana koyon zamiya a tsakiyar wani katon kanti,
waje kuwa rana na narka kwalta.
Ran Lahadi ta kira ni, haƙorin gaba babu,
ta ce, Kaka, an ce za a ba mu ƙungiya!

Mu, ta ce.
Na daɗe ina kallon wayar.

Jiya ɗan aike ya kawo kwali.
Takalmanta ne, farare, tsawon tafin hannuna,
bakinsu ya dakushe kamar cokali.
Ta rubuta: nan ba su iya ba.

Na kunna dutse. Tartsatsi ya tashi.
Sau shida na bi kowanne, a hankali,
na gwada a farcen babban yatsa.

In masu kuɗin sun tambaye ni,
ba za su tambaya ba,
zan ce Kebek, da ƙarfi, har gilashi ya amsa.
Sai in leƙa ko Ghislain na bakin ƙofa,
in rage murya,
in ce, in da ta biyu,
a kai wa yarinyar nan.

Ungo naka, yaro. Dala takwas.
Ka sa marfin roba kafin ka taka titi.